Jan Layin da Yayana Ya Turo Mini Daga Gembu Zuwa Ganye

Shekarun baya, shekarar da mahaifiyarmu ta rasu, yayana uwa ɗaya uba ɗaya ya hana ni ganinta da rai. Bai ɗaure ni ba, bai kulle ni a ɗaki ba. Hoto ya turo mini a waya, na gani na yarda, na ci gaba da buga ƙusa a kan rufin mutane har lokaci ya ƙure mini. Na daɗe ban ba kowa labarin nan ba in ban da matata da wani maƙwabcina a kasuwa. Yau na ga wani a nan dandalin yana tambayar nisan da ke tsakanin wasu garuruwa biyu, ana ta turo masa amsa daga waya, sai abin ya dawo mini ɗanye. Wanda ya ga kuskure a rubutuna ya yi haƙuri, a aji uku na sakandare na ajiye biro na ɗauki guduma.

Mu uku Inna ta haifa, duk a Tudun Wadan Zariya. Yaya ne ɗan fari, sai ni, sai ƙanwarmu. Yaya ya yi karatun jami'a a Kongo, nan cikin Zariya, ya yi aikin ofis, daga baya ya koma kwangila. Ni kafinta ne, rufin kwano na fi ƙwarewa a kai. Inna mutumiyar da ce, irin waɗanda ke kunyar ɗan fari da gaske. Ban taɓa jin ta faɗi sunan Yaya ba. In ya shigo gaishe ta sai ta ja mayafi ta juya gefe, ta amsa da "lafiya lau," shi ke nan hira ta ƙare. In tana son wani abu daga wurinsa ni take aika, ta ce, "Ka gaya wa wancan ɗakina yana yoyo." In ce, "Inna, ai ni ne kafintan." Ta ce, "Shi ne mai kwanon."

Ni kuwa ba ta kunyata ko kaɗan. Mai guduma take kirana. Kullum na tashi daga aiki sai na biya ta ɗakinta kafin in wuce gidana, ta ajiye mini fura, ta zage ni a kan datti, ta ba ni labarin wanda ya haihu da wanda ya mutu daga Gyallesu har Tudun Jukun. Duk abin da ke cikin Inna, in zai fito, ta kunnena yake bi.

Ƙanwarmu tana aure a Ganye, can cikin Adamawa, mijinta yana harkar gyaɗa da doya. A shekarar ta haihu, haihuwar ta zo da wahala har sai da aka yi mata aiki, ba ta iya doguwar tafiya balle ta zo gida wanka. Sai Inna ta ce ita za ta je ta yi mata. Ni na kai ta tasha. Ta ce da an yi arba'in za ta juyo, kada in bari kajinta su lalace.

Ba a daɗe ba Yaya ya samu kwangilar ajujuwa a wani ƙauye bayan Gembu, a kan tsaunin Mambila, ya tura ni in yi rufin. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Ko'ina kore, shanu a kan tuddai, ga sanyi, ga ruwan sama kullum kamar an yi masa alkawari. Sabis kuwa babu, sai ka hau wani tudu bayan makarantar ka tsaya kusa da wata bishiya kana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Wata ranar na hau tudun da hantsi, sai ga kiran ƙanwata. Muryarta ba daidai ba. Ta ce zazzaɓi ya kwantar da Inna, an kai ta asibiti an dawo, ba ta cin komai, kuma tun jiya take tambayata. Na ce gobe da sassafe ina hanya. Na kashe na kira Yaya, don aikinsa nake yi, bai kamata in ajiye masa in tafi ban faɗa ba.

Ya ce ya ji labari, an kira shi. Ya tambaye ni saura me a rufin. Na ce saura ɓangare guda. Ya ce masu duba aiki suna tafe ƙarshen mako, in suka tarar da gini a buɗe ruwa yana zuba a kan katako, an gama da shi.

Na ce, "Yaya, Inna ce fa."

Ya ce, "Na san Inna ce. To kai da ke gefenta me kake gaggawa? Duk cikinmu kai ka fi kusa da ita. Ganye tana nan bayanka. Tsaya in turo maka ka gani da idonka."

Na tsaya a gindin bishiyar har hoton ya buɗe. Taswira ce, ɗigo a ƙasa an rubuta Gembu, ɗigo a sama an rubuta Ganye, an ja jan layi miƙaƙƙe a tsakani, ga ɗan hoton jirgin sama a kan layin, ga lamba a gefe da turanci. Ya sake kira ya ce, "Ka ga lambar? Bai kai Kaduna zuwa Kano ba. Ka ƙarasa rufin, in wani abu ya taso ka karya kumallo a nan ka yi azahar a gabanta."

Kaduna zuwa Kano na sani kamar tafin hannuna. Ganye kuwa ban taɓa zuwa ba, ranar da aka kai amarya ina kwance da ciwon shawara, Yaya ne ya ja tawaga. Kuma a wannan yankin ya yi bautar ƙasa. Wa zan tambaya bayan shi? Leburorin da ke miƙo mini kwano duk 'yan yankin ne, ko ɗaya ban tambaya ba. Ni da ke da taswira da turanci a aljihu, me lebura zai gaya mini? Jirgin nan da na gani a kan layin na ɗauka ado ne.

Na kira ƙanwata na ce ta sa wa Inna wayar a kunne. Da ƙyar nake jin ta.

Ta ce, "Mai guduma, kana ina?"

Na ce, "Ina nan kusa da ke, Inna. Ɗan aiki ne ya rage, jibi ko gata ina tafe."

Ta ce, "Akwai maganar da nake so in gaya maka."

Na ce, "Ina jin ki, faɗa mini."

Na ƙara manna wayar a kunne. Can ta ce, "A'a. Ba ta waya ba ce. Tunda kana kusa, sai ka zo."

Da bakina na ce mata ina kusa. Da na ce ina nesa, wataƙila da ta faɗa.

Na koma kan rufi na yi aiki kamar mahaukaci, ruwa yana dukana ina buga ƙusa. Ranar da na ɗora kwanon ƙarshe, bayan azahar, na hau tudu don in ce musu gobe ina tafe. Ƙanwata ta ɗauka tana kuka. Ta ce, "Yaya, in za ka zo ka zo yanzu. Babban Yaya ma yana nan tun shekaranjiya." Ashe shi kashegarin ranar da ya turo mini hoton ya tafi Abuja ya hau jirgi zuwa Yola, mota ta ƙarasa da shi. Mutumin da ke Zariya ya riga ni, ni da ke gefenta.

Ko kayan aikina ban kwashe ba. Na hau acaɓa zuwa Gembu, na faɗa tasha ina haki, na ce wa ɗan kamasho ina motar Ganye.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ganye ta ina?"

Na ce, "Ganye nawa ce? Ta Adamawa, nan bayanku."

Ya ce, "Malam, daga nan babu motar Ganye. Sai ka sauka Sarti, ka wuce Bali, ka kai Jalingo. Daga can ka nemi ta Zing da Mayo Balwa, ka bi ta Jada. Kuma motocin Jalingo sun tashi tun safe, sai gobe."

Na ce ƙarya ne. Na ciro waya na nuna masa. Direbobi suka taru suna leƙe. Wani ya sa yatsa a kan jan layin ya ce, "Ka san abin da ke ƙarƙashin nan? Duwatsu ne da daji da koguna. Ko Bafillatani da sandarsa sai ya shirya." Ɗan kamashon ya yi dariya ya ce, "Wanda ya turo maka wannan, ya haɗo maka da fiffike? Wannan ai hanyar shaho ce." Suka kwashe da dariya. Na ce musu uwata ce ba lafiya. Dariyar ta tsaya cak. Ɗan kamashon ya cire hularsa ya mayar, ya ce in zo da asuba, zai ajiye mini gaba.

Na tambaye shi ko akwai jirgin da ke zuwa, ko nawa ne. Ya ce, "Jirgi a ina, bawan Allah?"

Da asuba muka tashi. Wanda bai taɓa sauka daga Mambila da damina ba ba zai gane ba. Hanya tana naɗewa a jikin dutse, gefe guda rami ne da ba ka ganin ƙarshensa. Kuma ba inda Ganye take muka nufa ba, baya muka ba ta. A wata kwana muka tarar da babbar mota ta kwanta ta tare hanya, buhuna sun zube. Muka fito muka tsaya, ni har da kama buhu ina jidewa don a samu a wuce. Sai da rana ta take sannan aka buɗe gefe.

Muna dab da Sarti sabis ya dawo, waya ta yi ƙara. Mijin ƙanwata ne. Yana fara salati na gane. Ya ce ta cika da hantsi. Na ce ya ba ni Yaya.

Na ce, "Yaya, ku jira ni. Don Allah ku jira ni zuwa gobe."

Ya ce, "Kai ma ka san ba a ajiye gawa. Liman ya ce bayan la'asar. Ka yi haƙuri, ka yi mata addu'a daga inda kake."

Ban yi musu ba. Gaskiya ya faɗa, ba a ajiyewa, ni ma na sha faɗa wa wasu haka. Direba ya kashe kiɗan da ya sa. Wani tsoho da ke bayana, ban san shi ba, ya ɗora hannu a kafaɗata bai ɗauke ba har muka yi nisa. A Bali muka tsaya la'asar. Na yi alwala na bi sahu, ina sallah ina lissafin cewa yanzu an fito da ita, yanzu an jera, yanzu baƙin da ba su san ko sunanta ba suna ɗaukar makararta. Na sallame na kasa tashi, sai da direba ya zo ya ɗaga ni.

A tashar Jalingo na kwana. Kashegari da rana tsaka na shiga Ganye, da tufafin aiki a jikina, duk tsatsar kwano. Na tarar da Yaya a ƙarƙashin rumfa cikin farar shadda yana karɓar gaisuwa. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Ka iso? Ya hanya?" Na ce lafiya.

Mijin ƙanwata ya kai ni maƙabarta. Ƙasa ce ja, ɗanya, an jera ƙaya a kai. Na tsuguna na ce, "Inna, ga Mai guduma." Ban san me na ƙara faɗa ba.

Da muka koma gida na ja ƙanwata gefe, jaririn yana kafaɗarta. Na tambaye ta ko Inna ta gaya mata maganar. Ta girgiza kai. Ta ce ta roƙe ta, ta ce ba tata ba ce, tawa ce. Ta ce duk acaɓan da ya tsaya a ƙofar gida sai Inna ta buɗe ido ta dubi labule. Na ce to Yaya fa, ai yana zaune a wurin. Ta ce, "Ka san Inna. Yana shigowa take jan mayafi. Har ranar ƙarshe lafiya lau kawai take ce masa." Ɗan da take iya yi wa magana yana kan rufi, wanda ba ta iya haɗa ido da shi yana bakin gadonta.

Har zuwa nan ina ɗauka kuskure ne. Na ce wataƙila Yaya ma wayar ce ta ruɗe shi. Mijin ƙanwata ne ya warware mini, kuma bai san ya yi ba. Muna zaune bayan sadakar uku yana ba ni haƙuri, sai ya ce, "Ai ranar da Alhaji ya iso na tambaye shi kana ina, ya ce Gembu. Na ce kai, ai da ya taso tun jiya, wannan hanya ba ta wasa ba ce. Ya ce ya sani, ya bi ta ya fi a ƙirga, ko ka taso sai ka kwana a hanya. Ya ce gara ka rufe ginin tukuna, shi a ganinsa jikin nata zai kai wani makon."

Na ce, "Haka ya ce?" Ya ce haka ya ce. Na tashi na zaga wani lungu na daɗe a tsaye.

Ban yi wa Yaya maganar a Ganye ba, gidan surukai ne kuma zaman makoki ake. Da zai tafi ya ce in zo mu koma tare, na ce ina da abin yi. Na hau motar haya na dawo Zariya ni kaɗai. Na buɗe ɗakin Inna, ga ƙwaryar furarta a kife, kajin kuwa matata ta riƙe su, ko ɗaya bai mutu ba.

Mutane suna cewa komai yana wucewa. Wani abin yana wucewa. Yanzu ina cin abinci, ina dariya, na aurar da 'yata. Amma maganar nan ba ta wuce ba. Na juya ta ta kowace fuska. Ko wasiyya ce, ko wani ta yi wa laifi take so in nema mata gafara, ko wani abu ne game da mahaifinmu, ko kuwa ba komai ba ne, so take kawai in zo ta ƙirƙiro dalili. Wani lokaci ina kan rufi sai in tsinci kaina ina tambayarta. Bayan wasu shekaru na tara abin mota na koma Ganye don in ziyarce ta. Ciyawa ta rufe wurin, an yi sababbi a kewaye, ni da mijin ƙanwata muka yi ta zagaye, ya ce ko nan ne ko can. Na yi addu'a a tsakiya na juyo.

Ba na gaba da boko, 'ya'yana duk suna makaranta. Abin da na sani dai, in ka ce mini wuri kusa ne, sai na je tasha na tambayi mutumin da tayarsa ta taɓa fashewa a hanyar. Ban koyi wani abu da ya wuce wannan ba, kuma ya yi mini tsada.

Shi kuwa Yaya, bayan mun dawo na ɗauke ƙafa daga gidansa. Wata da watanni ba mu haɗu ba sai a masallacin Juma'a, daga nesa. Wata ranar da hantsi ina rumfata a bakin kasuwar Tudun Wada ina feƙe katako, sai ga motarsa. Maƙwabcina, wani Ibo mai sayar da ƙusa da kwano, ya san labarin duka don shi na fara yi wa kuka da na dawo. Yana ganinsa ya jawo masa benci ya ce, "Alhaji, sannu da zuwa," ya koma shagonsa ya yi kamar yana ƙirga ƙusa, kunnensa yana wajenmu.

Yaya ya zauna ya ce, "Kai har yanzu fushin ne? Kawu ya ce ko sallah ba ka je gidana ba. Na samu wani aiki a Ikara, rufi ne babba, na ce ba zan ba bare ba."

Ban ɗago ba.

Ya ce, "Wallahi ban zaci za ta tafi da wuri haka ba. Ni ma uwata ce. Kuma hoton nan da kake ta riƙewa, ba ni na zana shi ba, nisan ke nan, ka tambayi kowa. Abin da Allah Ya ƙaddara ne ya faru."

Nan na ajiye abin da ke hannuna na dube shi. Tunda nake ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar.

Na ce, "Yaya, nisan ke nan ga wanda ke sama. Ka san ni a ƙasa nake. Ka san hanyar, ni ban sani ba, kuma ka san ban sani ba, shi ya sa ka turo. Da ka ce mini tafiyar kwana biyu ce amma ka taimake ni ka ƙarasa, da na zaɓa da kaina, in na tsaya laifina ne. Ba ka bar ni na zaɓa ba. Ka sa na ce wa Inna ina kusa, ta riƙe maganarta tana jirana, aka binne ta da ita. Zan gaishe ka a hanya don ka girme ni. In an yi haihuwa a gidanka zan zo suna. In ka riga ni mutuwa ni zan fara kama makararka, kuma ba zan ce a jira kowa ba. Amma ba zan ƙara hawa rufinka ba, ka ba bare. Kuma kada ka sake ce mini ƙaddara. Mutuwar Inna ƙaddara ce. Rashin zuwana kai ne."